Gidan Hajiya Rabi a Gindin Gangara

Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci a unguwarmu ta Mount Hope, nan New York, na ji wani cikinku yana cewa wai aikina, ni Baba Ɗanlami, ba aiki ba ne. Wai mutum ya shiga gida da tocila, ya leƙa nan ya leƙa can, ya cika takarda, a sallame shi. Wai shi ma da wayarsa zai iya, tunda hotunan gidajen duk suna intanet. Ban tanka ba, don bakin masallaci ba wurin musu ba ne. Amma tunda wasunku sun fara tambayata yadda ake samun lasisin duba lafiyar gida kafin a saya, bari in gaya muku abin da ba a rubuta a jikin lasisin ba.

Ni ɗan magini ne. Mahaifina a cikin birnin Kano ya yi sana'arsa, ginin ƙasa, tubali da azara. Idan aka ba shi fili, ba ya yarda a haƙa harsashi sai ya je ya tsaya a wurin bayan an ɗauke ruwan sama, ya ga inda ruwa ya kwanta da inda ya gudu. Bangon gabas shi yake yi wa shafen makuba mai kauri, don daga can hadari yake dukan gida. Indararo kuma yakan sa shi da tsawo, kada ruwa ya zubo ya ci gindin bango. Ƙofar zaure ba ya taɓa saita ta da ƙofar cikin gida, sai ya karkata hanyar, yadda baƙo ba zai hango tsakar gida ba, iska ma ba za ta kwaso ƙura ta wuce kai tsaye ba. Duk wannan na gani ina miƙa tubali, ban ɗauka zai ci da ni a wata ƙasa ba.

Da na zo New York, shara da goge-goge na samu a wani bene mai hawa shida kusa da babban titin Grand Concourse. Ni ne fitar da bola, ni ne wanke matakala, ni ne sauka wurin boila, tukunyar da ke ɗumama ginin, da asuba idan sanyi ya shigo. Wata rana aka turo wani tsoho ɗan ƙasar Sin, ana kiransa Mista Lau, ya duba ginin saboda wanda yake son saye. Aka ce in buɗe masa ƙofofi. Da muka hau rufi, na nuna masa katangar da ta zagaye saman ta ɓangaren arewa, na ce ta fara yin ciki, ruwa yana shiga ta bayanta. Ya kwanta a ƙasa ya daidaita idonsa da layin bulon, ya daɗe, sannan ya tashi ya tambaye ni wa ya koya min. Na ce babana. Ya ce babana injiniya ne? Na ce a'a, da ƙasa yake gini. Bai yi dariya ba. Ya ba ni katinsa, ya ce yana neman mai ɗaukar masa tsani, bayansa ya fara gajiya.

Shekara uku na ɗauki tsanin nan kafin in je makarantar lasisi.

Aikin farko da na bi shi, wani gida ne a unguwar Flushing. Mun sauka daga mota, na nufi ƙofa da kaya a kafaɗa, sai ya riƙo rigata. Ya ja ni muka tsallaka titi, muka tsaya muna fuskantar gidan. Ya ce me na gani. Na ce gida. Ya ce in ƙara kallo. Muka yi tsaye har ƙafata ta fara tsami, masu gida suna leƙenmu ta taga. Sannan ya fara nuna min. Gidan yana daidai inda wani titi ya zo ya ƙare, motoci suna tahowa kamar za su shige falo kafin su karya kwana. Ya ce a ilimin mutanensu, wanda suke kira feng shui, wato iska da ruwa, titi irin wannan kibiya ce da aka saita a ƙirjin gida, mai gidan ba zai sami kwanciyar hankali ba. Na dubi katangar gaban, na ga rabinta sabon bulo ne rabinta tsoho. Na ce masa wata mota ta taɓa shigowa nan. Da muka tambaya, ashe sau biyu aka yi.

Haka muka zauna da shi. Shi ya zo da kamfas ɗinsa na gane gabas da yamma, mai faɗin faifai, cike da rubutun Sinanci zagaye-zagaye, ya ce ƙofar gaba da ta baya suna kallon juna, arziki zai shiga ta nan ya fice ta can. Ni in ce arziki na Allah ne, amma sanyin Janairu kam zai shiga ta nan ya fice ta can, kuma babana ma ba zai gina haka ba. Ya ce gida yana son tudu a bayansa. In ce gaskiya ne, muddin ruwan tudun ba a kansa yake sauka ba. Wanda ya shafi lambar gida da ranar tarewa da inda za a rataya madubi, na bar masa kayansa, bai kuma taɓa matsa min ba. Wanda ya shafi inda iska take bi, inda rana take shiga, inda ruwa yake neman hanya, na kwashe shi tas. Kakanninsa da nawa ba su taɓa haɗuwa ba, amma duk ruwa ya taɓa rushe musu bango.

Shi ya koya min karanta garin nan. Benayen Concourse masu farin bulo da tagogi a kusurwa, waɗanda aka yi wa tsakar gida a gaba don kowane ɗaki ya sami haske, an gina su ne da tunanin wanda zai zauna ciki. Akwai kuma tsofaffin benayen nan da aka matse, tagar ɗakin kwana tana buɗewa cikin wani siririn rami tsakanin bango biyu, rana ba ta taɓa sanin da ita ba. Ya nuna min tsagar da take hawa bango kamar matakala, wadda take nufin ƙasa tana zama a ƙarƙashi, da tsagar da take kwance a saman taga, wadda take nufin ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, to kowace tsaga da abin da ya kawo ta.

Kayan aikina ba su da yawa. Tocila mai ƙarfi, wadda nake kwantarwa a jikin bango don haskenta ya tona inda aka yi faci. Sukundireba doguwa ta tsokanar katako, in ta nutse kamar a burodi gara ta riga mu. Ƴar na'ura mai haƙora biyu da take gaya min ko akwai laima a bayan fenti. Ƙwallon gilashi irin na wasan yara, in ajiye shi a tsakar ɗaki in ga inda zai gangara. Tsani. Sai ƙaramin kamfas na aljihu, don mutanenmu ba sa rasa tambayar ina ne alƙibla, kuma shin bayan gida ba ya fuskantarta. Wannan ba ya cikin fom ɗin hukuma, da fensir nake rubuta shi a shafin ƙarshe. Hanci kuwa ba a sayar da shi a kanti. Gidan da aka fesa wa turare kafin ka zo, akwai abin da ake so kada ka shaƙa.

Masu kirana yawanci mutanenmu ne: direbobi, masu kula da tsofaffi, ma'aikatan asibiti, waɗanda suka yi shekaru suna ƙuntata wa kansu a ɗaki biyu don su sami nasu. Irin waɗannan kafin in iso sun riga sun raba ɗakuna a zuci, sun zaɓi labule. Dillali kuma yana tsaye a gefe yana duba agogo. A ranar duba gida, kai kaɗai ne a wurin da ba ka ƙosa a sa hannu ba.

Gidan da ya jawo min shekarar wahala yana unguwar Jamaica, a Queens, nan cikin New York. Mai son saye Hajiya Rabi ce, ƴar Zangon Kumasi, ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Tana da yara uku, kuma ta samu ta kawo mahaifiyarta, Mma Azumi, wadda ciwon gwiwa ya hana ta hawa matakala. Dillalin Alhaji Sabo ne, sahu ɗaya muke sallah da shi, kuma rabin aikina a lokacin daga hannunsa yake fitowa.

Gida ne mai kyan gani, hawa biyu, da besmen, wato ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa. Shirin Hajiya shi ne ta ba da hawan sama haya, ita da yara su zauna a na tsakiya, Mma kuma a besmen, tunda hanyar mota ta gefe tana gangarawa har bakin ƙofarsa, babu tattakala ko ɗaya. An gyara shi tsaf: sabon tayil, sabon fenti, ɗan kicin, banɗaki.

Tun daga tsallaken titi na hango matsalar. Titin ya gangaro daga hagu, ya gangaro daga dama, gidan yana daidai inda suka haɗu, kamar gindin ƙwarya. Magudanar titin tana bakin ƙofarsa, cike da ganye. Maƙwabcin dama ya jera buhunan yashi a gefen garejinsa, a tsakiyar bazara, ko hadari babu. Da na sauka ƙasa, na ga boila a ɗore kan bulo huɗu. Ba a ɗaga boila don ado. Ginshiƙin ƙarfen da ya riƙe gidan an shafe shi da fenti, amma da na kankare bayansa da sukundireba na sami layin tsatsa daidai ƙuguna. Na'urar laima ta yi ta kuka a ƙasan kowane bango. Tagogi biyu ne ƙanana a can sama, da ƙarafa. Ban da matakalar ciki da Mma ba za ta iya hawa ba, ƙofar fita ɗaya ce, kuma waje take buɗewa, wajen da ruwa zai taho. Na fita na gaida wata tsohuwa da ke share ƙofar gidanta, na tambaye ta yadda layin yake idan an yi ruwa mai yawa. Ta ɗora hannunta a cinya ta nuna min tsayin.

Na zaunar da Hajiya a kan matakalar gaba na gaya mata duka. Fuskarta ta canja. Ta ce shekara nawa tana neman gidan da Mma za ta shiga da ƙafarta, sai yau da ta samu. Ta ce ai ko'ina ana ruwa. Na ce haka ne, amma ba ko'ina yake taruwa ba. Shawarata ita ce ta bar gidan. Ta ce ba za ta iya ba, ta riga ta nuna wa ƴan'uwa hotonsa har a Kumasi.

Na ce, "To Hajiya, in kin saya kin saya, guminki ne. Amma ki yi min alkawari ɗaya. Ɗakin ƙasan nan, ko kyanwa kada ta kwana a cikinsa."

Ta ce, "Baba Ɗanlami, to ina zan sa Mma?"

Na ce, "A ɗakin yara. Su matsu. A yi mata gangaren katako a kan matakalar nan, zan nuna wa kafinta yadda zai yi."

Daga ƙarshe ta ce ta yi alkawari. Ba da daɗin rai ta faɗa ba, ko sallama ba ta yi min ba da za ta tafi.

Da yamma Alhaji Sabo ya same ni a mota. Ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce rahoton nan idan lauyan Hajiya ya gan shi yadda yake, ciniki zai tsaya. Ya ce ba ƙarya yake so in yi ba, in dai rubuta an ga ɗan laima, kamar yadda kowa yake rubutawa. Na ce abin da na gani na rubuta, da hotuna, kuma sunana ne a ƙasan takardar. Ya ce in tuna muna tare. Na ce na tuna. Cinikin bai rushe ba, amma ya yi wata biyu yana tangal-tangal, Alhaji ya sha kunya wurin mai sayarwa, kuma bai yafe ba.

Daga nan waya ta yi shiru. Da farko na ɗauka kasuwa ce. Sai magana ta fara dawo min: wai Ɗanlami ya daɗe da ƴan Sin, ba duba gida yake ba, duba yake irin na bokaye. Wai yana yawo da kamfas yana cewa wannan gida da sa'a wancan babu. Wai ya tsorata baiwar Allah da camfi a kan gidan da ba shi da laifin komai. Sauran dillalan ma suka daina ba da lambata, don babu mai son wanda zai ɓata masa ciniki. Har liman ya kira ni gefe, cikin mutunci, ya tambaye ni. Na ciro kamfas ɗin na ɗora a kan dardumar masallaci, na auna masa alƙibla da shi, ta faɗa daidai inda muke fuskanta kullum. Na ba shi rahoton gidan ya karanta. Ya mayar min ya ce in yi haƙuri. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Shekarar nan tun daga kaka har wata bazarar, gidajen da na duba ba su cika yatsun hannu biyu ba. Na koma jan mota, ina kai mutane filin jirgi ina ɗauko su, tsani yana jingine a bayan ƙofa. Na sabunta lasisina duk da haka. Na je Flushing wurin Mista Lau, lokacin ya daina fita aiki, na ba shi labari. Ya sa na zana masa titin a bayan ambulan. Ya duba ya ce in kwantar da hankalina, ruwa zai zo ya ba da shaida. Na ce masa ni roƙona kada ya zo, gara a ci gaba da kirana boka. Ya cika min kofin shayi.

Ruwan ya zo a ƙarshen bazara. Duk kun tuna ruwan nan da ya cika tashoshin jirgin ƙasa, ya bar motoci a tsaitsaye a kan manyan tituna. Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara, na ga sunan Hajiya Rabi, wadda rabona da jin muryarta tun ranar matakala. Ta ce in zo.

Na tarar da layin kamar an juye kasuwa. Katifu, kujeru, kwalaye, duk a waje suna ɗiga. Na bi hanyar mota ta gefe na sauka. Ruwan ya ja baya zuwa gwiwa, amma ya bar sa hannunsa a bango, layin laka tafin hannu ɗaya ƙasa da silin. Ƙofar ta lanƙwashe. Firizar Hajiya, wadda maza biyu suka sha wuya kafin su shigar, tana kife a bakin banɗaki. A kusurwa akwai gadon ƙarfe sabo, ledarsa ma ba a cire ba.

Hajiya ta ga ina kallon gadon. Ta ce ita ta saya. Ta ce sau biyu tana shirin sauko da Mma, don yaran sun dame ta da ƙorafin matsi, babbar har ta daina yi mata magana kwana uku. Mma ma kanta tana so, ta ce ta gaji da hayaniyar jikoki. Duk ranar da ta sa za a sauko da kaya, sai ta tuna ta ce ta yi alkawari, ta ɗaga zuwa wani satin. Ta ce daga lokacin da suka ji ruwa yana bugun ƙofar ƙasa zuwa lokacin da ya kai saman matakalar ciki, ko tukunyar shinkafa ba za ta nuna ba.

Mma Azumi tana zaune a kujera a baranda, an lulluɓa mata bargo, carbi a hannu. Aka ce mata ga Baba Ɗanlami. Ta sa na matso, ta ƙare min kallo.

Ta ce, "Kai ne ka hana ni ɗakina?"

Na ce, "Ni ne, Mma."

Ta kama hannuna da nata biyu ta fara addu'a, ta yi wa iyayena, ta yi wa ƴaƴana, ta yi wa wanda ya koya min aiki. Na tsuguna har ta gama. Daga nan na tashi na nemo inda za a kashe wutar gidan daga waje, don akwai mai shirin shiga ruwan ya ciro kaya, kuma wayoyin suna ciki.

Ban bai wa kowa labarin nan ba. Hajiya Rabi ce ta ba da shi, a wurin suna, a wurin biki, a layin jiran bas. Kafin sanyi ya shigo sai da na fara cewa mutane su jira sati biyu. Ni da Alhaji Sabo kuwa sai dai gaisuwa. Muna haɗuwa, mu yi musabaha, kowa ya nemi takalminsa.

Bayan shekara biyu ya kira ni da kansa. Ya yi gaisuwarsa mai tsawo, sannan ya ce akwai wani gida da zan duba a unguwar Flatbush. Na ce wa yake saye. Ya ce ƴarsa ce, Zainab, da mijinta.

Awa huɗu na yi a gidan. Na shiga ƙarƙashin rufi da rarrafe, na buɗe akwatin wuta, na kunna kowane famfo, na tsokani kowane katako da hannuna ya kai. Alhaji yana tsaye a tsakar gida, ko sau ɗaya bai duba agogo ba. Da na fito, na kakkaɓe gwiwata, na ce rufin zai nemi gyara nan da ƴan shekaru, akwai taga biyu da za a canja, ban da wannan gida lafiyayye ne. Zainab ta dubi mijinta, ta dubi babanta, ta ce ko a nemo wani ya ƙara dubawa, don a tabbatar.

Alhaji Sabo ya ce, "Sa hannu, Zainabu. Da akwai wani abu da ya faɗa, ko da za mu yi shekara ba ma magana. Na gwada shi."